Na rage maganin farfaɗiya a ɓoye saboda tsoron abin da zan haifa

Anti, ina gaisuwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 23, wata biyar da aurena. Tun ina 'yar shekara 15 nake fama da farfaɗiya. Ta fara ne da zabura da safe, hannuna ya fizge, abin da na riƙe ya suɓuce, ana ta yi mini faɗan garaje, har ranar da na yanke jiki na faɗi ina jijjiga. Bayan faɗuwa ta biyu likita ya ɗora ni a kan sodiyam balfuret, yau shekara uku da wani abu ban faɗi ba. Mijina bai sani ba. Mama ce ta ce kada a faɗa, wai ai na warke tunda gwajin ƙwaƙwalwa na EEG na ƙarshe bai nuna komai ba, har ta ce in bar shan ƙwayoyin nan kafin su lalata mini mahaifa. A jakata nake ɓoye maganin, sai ya fita nake sha, ranar da ya wuni a gida wani lokaci ba na samun sha. Sati uku da suka wuce na karanta takardar da ke cikin kwalin, na ga an ce yana yi wa ɗan tayi illa. Tun daga ranar na koma shan rabi. Zaburar safe ta dawo. Shekaranjiya mijina ya yi tafiya, na farka da tsamin jiki, harshena a tsage, na jiƙa shimfiɗa. Ba mu yin tazara, yana ɗokin haihuwa, ni ma haka. In daina maganin gaba ɗaya? In faɗa masa? Ina tsoron ya ce an yaudare shi, ina kuma tsoron ɓacin ran Mama. Anti, barci ya gagare ni.

'Yarki mai neman mafita

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin in taɓa maganar maigida ko ta Mama, bari in fara da abin da ba ya jira. Wanda ya kwanta lafiya ya farka da tsamin jiki, harshe a tsage, shimfiɗa a jiƙe, alamu sun nuna ciwon ya tashi masa cikin barci. Ke ma zuciyarki ta gaya miki haka, shi ya sa kika rubuto. Don haka yau ko gobe ki isa wurin likitan da ke duba ki, ki zayyana masa duk abin da kika faɗa mini, har da rabin da kike sha da ranakun da kike tsallakewa. Kafin ki gan shi kada ki ƙara rage ko ɓarin ƙwaya, kada ki tsallake sha ko sau ɗaya. In ganin nasa zai ɗauki kwanaki, ki neme shi a waya ko ki ga wani likitan, domin adadin da aka rubuta miki shi ne ya riƙe ki shekara uku, rabin kuwa kin ga abin da ya jawo cikin sati uku. Kuma daren yau kada ki kwana ke kaɗai. In maigidan bai dawo ba, ki kira Mama ko wata 'yar'uwa da ta san halin da kike ciki ta zo ta kwana kusa da ke.

Tambayarki ta farko amsarta gajera ce: kada ki daina. Maganin farfaɗiya ba ya fitar da ciwon daga jiki a sha na kwana bakwai a huta. Aikinsa danne tartsatsin wutar da ke ɓarkewa a ƙwaƙwalwa, kuma yana iya yin haka ne muddin akwai isasshensa a cikin jini, dare da rana. Da ya ragu, abin da aka danne sai ya ɗago kai. Yanke shi farat ɗaya ya fi komai haɗari, don yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, ko wadda ke bin juna mutum bai farfaɗo a tsakani ba, irin wannan kuwa tana kisa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba, ni kuwa ina ganin haƙƙinki ne ki sani. A cikin manya masu farfaɗiya, kusan mutum ɗaya cikin 1000 a kowace shekara yakan rasu kwatsam, galibi cikin barci, kuma abin ya fi samun masu babbar jijjiga da ba a shawo kanta ba, musamman da dare, babu kowa a kusa. Ban kawo wannan don in ƙara hana ki barci ba. Na kawo shi ne domin babban abin da ke rage wannan haɗari yana nan cikin jakarki.

Sai dai tsoron da ya sa kika rage ba tsoron banza ba ne, kuma ba zan rarrashe ki da ƙarya ba. Abin da kika karanta gaskiya ne. Balfuret, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Epilim da Depakine, shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi a cikin magungunan farfaɗiya. Cikin mata 100 da suka ɗauki ciki suna shan sa, kimanin 10 ko 11 sukan haifi jariri da tawaya a halitta, kamar buɗaɗɗen gadon baya, ko matsalar zuciya, ko tsagewar leɓe da ganɗa, alhali a sauran mata 2 zuwa 3 ne cikin 100. Sannan tsakanin 30 da 40 cikin 100 na yaran sukan samu jinkiri wajen tafiya, magana ko koyon karatu. Saboda haka ne tun 2018 hukumomin kula da magunguna na Birtaniya da Tarayyar Turai suka tsaurara, suka ce kada a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki wannan magani sai in babu wani maganin da ya yi mata, kuma sai tana kan hanya mai ƙarfi ta hana ɗaukar ciki. Raina ya sosu da na ga sai a takardar kwali kika fara cin karo da wannan magana, ke kaɗai, bayan aure. Kamata ya yi a ce an zaunar da ke tun kina budurwa an yi miki bayani, a kuma maimaita duk shekara. Uwa ce ta motsa a zuciyarki tun kafin ki ga ɗan, wannan abin yabo ne. Matakin ne bai yi ba. Rabin ƙwaya yana rage haɗarin ga jariri, amma babu wani adadi na balfuret da aka tabbatar ba ya illa, ga shi kuma ya buɗe wa ciwon ƙofa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Don haka abu na farko da za ki roƙa a asibiti shi ne gwajin ciki, ko da al'adarki ba ta makara ba, kuma a sake shi bayan 'yan makonni in likita ya ga dacewar haka. Gaggawar tana da dalili. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon bayan jariri yana rufewa ne cikin sati huɗu na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Idan gwaji ya nuna akwai ciki, nan ma kada ki zubar da maganin. Babbar jijjiga ga mai ciki tana iya hana jariri iska, faɗuwar tana iya jawo ɓari ko rauni gare ku duka. Za a haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa da na mata cikin gaggawa, su duba ko za a sauya ko a rage, a ba ki folik asid, wato ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki, a yi hoton ciki na ƙwaƙƙwafi a tsakiyar watanni. Ki kuma sake duban lissafin da na kawo ta ɗaya fuskar: kusan tara cikin goma na jariran nan ana haifar su ba tare da tawaya a halitta ba.

Idan kuwa babu ciki, to kin auna arziki, domin akwai hanya shimfiɗaɗɗiya da dubban mata suka bi. Tun 1912 da aka fara amfani da fenobabiton, da 1938 da fenitoyin ya biyo baya, magungunan farfaɗiya sun ƙaru har sun haura ashirin, kuma biyu daga cikinsu an fi natsuwa da su ga mai neman haihuwa: lebetirasetam, da aka fi sani da Keppra, da lamotirijin, da aka fi sani da Lamictal. Yawan tawayar da ake gani tare da su bai yi nisa da na sauran mata ba. Sauyin ba a yin sa a rana ɗaya. Ana shigar da sabon a hankali har ya kai ƙarfinsa, sannan a janye tsohon kaɗan-kaɗan, abin yakan ɗauki makonni ko watanni, bayan nan a ɗan jira a ga ko sabon ya riƙe. Duk tsawon wannan lokaci ba a so ciki ya shiga, don haka dole a yi tazara ta ɗan lokaci, kuma likita ne zai zaɓa miki irin da ta dace, domin wasu magungunan farfaɗiya, irin su kabamazafin da fenobabiton da fenitoyin, suna raunana ƙwayoyin tazara da wanda ake sakawa a damtse, su kuma wasu ƙwayoyin tazarar suna rage ƙarfin lamotirijin. Folik asid za ki fara tun watanni kafin a buɗe hanyar ɗaukar cikin.

Akwai wani layi a wasiƙarki da nake so ki maimaita wa likita kalma-kalma, wato zaburar safe da fizgar hannu tun kina 15. Irin wannan labari yana kama da wani nau'i sananne, farfaɗiyar ƙuruciya mai zabura, wadda likitan Jamus Dieter Janz da abokin aikinsa suka bayyana a 1957. Takan fara ne a shekarun balaga, zaburar takan zo jim kaɗan bayan tashi daga barci, kuma rashin barci ne babban mai tsokano ta. Likita ne zai tabbatar ko ita ce, amma in ita ce, abubuwa uku suna biyo baya. Na ɗaya, mai yiwuwa dalilin da ya sa aka ɗora ki a kan balfuret ke nan, don babu wanda ya kai shi riƙe wannan nau'i, saboda haka kada ki ɗauka likitan farko zaluntar ki ya yi. Na biyu, akwai magungunan da ke ƙara mata muni, kabamazafin da fenitoyin suna ciki, shi ma lamotirijin yakan ƙara wa wasu zaburar, don haka kada ki karɓi maganin kowa wai don shi ma farfaɗiya gare shi, kada kuma wani mai sayar da magani ya musanya miki da abin da ke hannunsa. Na uku shi ne mai ɗaci: tana jin magani sosai, amma in aka janye shi takan dawo ga mafi yawan mutane, don haka akasari shan na dogon lokaci ne. Zai yiwu kuma sabon maganin bai riƙe ki kamar tsohon ba a karon farko, a sake gwada wani ko a haɗa biyu. Ki shiga da haƙuri. Wani bincike da aka yi a birnin Gilasgo na Birtaniya aka wallafa a 2000 ya nuna 47 cikin 100 na sababbin marasa lafiya ciwon ya tsaya musu da maganin farko. Kina cikin waɗannan, kuma alama ce mai kyau.

Ki san kuma abin da za ki sa wa ido. Lebetirasetam yakan sa wasu saurin fushi ko ƙuncin rai, in kin ji halinki ya sauya ki faɗa, kada ki haɗiye. Lamotirijin kuwa in ƙuraje suka feso a fata cikin makonnin farko, musamman da zazzaɓi ko gyambo a baki, ranar za a koma asibiti, ba a kwana da shi.

Yanzu ga maganar Mama da gwajin da bai nuna komai ba. Wannan kuskure ne da iyaye da yawa ke yi, kuma ban ga laifinsu ba, don duk wanda aka ce masa gwaji ya fita lafiya zai ɗauka an warke. EEG, wanda Bajamushe Hans Berger ya fara yi wa ɗan'adam a 1924, awon wutar ƙwaƙwalwa ne ta 'yan wayoyi da ake mannawa a fatar kai, kuma yawanci minti ashirin zuwa talatin ake ɗauka. Kamar mutum ne ya leƙa ta taga na ɗan lokaci yana neman walƙiya. In bai gani ba, bai isa ya ce damina ta wuce ba. Kusan rabin masu farfaɗiya ta haƙiƙa gwajinsu na farko ba ya nuna komai, shi ya sa wani lokaci ake maimaita shi bayan an hana mutum barci, ko a ɗauka yana barcin. Ke kuma an yi miki na ƙarshe ne kina kan magani, wanda aikinsa ke nan ya kwantar da tartsatsin da ake nema. Asalin gano farfaɗiya a kan labari yake tsayawa: abin da mara lafiya ya ji kafin da bayan, da abin da wanda ke wurin ya gani da idonsa. In an samu tashin ciwon sau biyu, da tazarar fiye da awa 24 a tsakani, ba tare da wani dalili na nan take kamar zazzaɓi mai zafi ko faɗuwar sukarin jini ba, an kai ma'aunin da ake kiran ciwon farfaɗiya. EEG da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin jini suna taimakawa ne wajen sanin nau'i da musabbabi. Ita kuwa warkewa, ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta sa mata iyaka a 2014: shekara 10 ba tashin ciwo, biyar na ƙarshe ba magani. Likitoci sukan fara tunanin janye magani ga wasu bayan shekara biyu lafiya, a hankali, bisa shawara, amma jikinki ya riga ya ba da amsa cikin makonnin nan.

Mama ba maƙiyiyarki ba ce, 'yata. Ita ta tsaya a kanki ranar da kika fara faɗuwa, ita ta ga yadda mutane ke ja da baya daga mai wannan ciwo, ta ji irin surutun da ake yi, ta ji tsoron a guje ki. Ta zaɓi rufin asiri saboda ƙauna, kuma a ganina tana so ta yarda kin warke ne domin zuciyarta ta gaji da fargaba. Ko maganarta ta mahaifa ba a iska ta tsinto ba: balfuret yakan rikita wa wasu mata al'ada, ya sa ƙiba da zubar gashi, kuma in kina ganin haka ki faɗa wa likita, amma ba ya lalata mahaifa. Kada ki je mata da gardama. Ki kira ta ki faɗa mata abin da ya faru shekaranjiya, yadda ya faru, ki nuna mata harshenki. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti, ta ji daga bakin likita, kuma zuwanta zai yi amfani, don ita ce shaidar faɗuwarki ta farko. Sannan ki gaya mata cikin ladabi cewa za ki sanar da mijinki, kina neman albarkarta da addu'arta. Ina fatan ta amince. In ta ƙi, ki ba ta haƙuri ki yi abin da ya dace, domin ran da ke cikin haɗari naki ne, kuma in wani abu ya same ki ita za ta fi kowa kuka.

Maigida kuwa dole ya sani, kuma cikin kwanakin nan. Dubi yadda ɓoyon ya riga ya cutar da ke: shi ya sa kike tsallake magani ranar da yake gida, shi ya sa kika yanke hukunci mai nauyi ke kaɗai da takardar kwali, shi ya hana ki barci, rashin barcin kuma yana tsokano ciwon. Gaba ma ba ta ɓoyuwa. Tazarar watanni ba za ta yiwu ba sai da saninsa. In ciki ya zo, lamotirijin da lebetirasetam duka ƙarfinsu yakan ragu a jinin mai ciki, sai an riƙa zuwa asibiti ana daidaitawa. In kin haihu, shayarwa ba ta haramta gare ki ba, amma tashin dare zai buƙaci wanda zai karɓe ki don ki samu barci. Sama da duka, shi ne mutumin da ke kwance kusa da ke. Da ciwon nan na shekaranjiya ya tashi yana nan, da a tsakar dare zai fara sanin komai, cikin firgici, bai san abin yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ya ji daga bakinki da rana tsaka.

Ki shirya wa ɓacin ransa, domin yana da haƙƙin ya ji zafi. An ɓoye masa abin da ya kamata ya sani kafin ya ɗaura aure, kuma mai yiwuwa ɓoyon ya fi ciwon yi masa ciwo. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ku biyu, ki faɗi maganar kai tsaye ba kewaye-kewaye, kamar haka: "Akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun kafin aure, tsoron rasa ka ya hana ni. Ina da farfaɗiya tun ina shekara 15, ina shan magani, na yi shekara uku ban faɗi ba. Na yi kuskure da na ɓoye, ka yafe mini. Ina so mu je wurin likita tare, don akwai abin da ya shafi haihuwarmu." Kada ki jingina laifin ga Mama, ko da ita ta ba da shawarar, don kada ki ƙulla gaba tsakanin mijinki da mahaifiyarki wadda za ta daɗe bayan wannan maganar ta wuce. In ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa. In ya yi faɗa, ki saurara. Mutum yakan buƙaci kwana biyu kafin labari irin wannan ya zauna masa. Idan kuma kin san harshenki zai sarƙe, ki ce masa ya raka ki asibiti, ki faɗa a gaban likita, shi ya ɗora da bayani. Idan kuwa kin san shi da zafin hannu, ko kina jin tsoron abin da zai yi miki, kada ki faɗa ku biyu kaɗai, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna.

Tambayoyin da za su zo masa na san su, don kusan kowane miji su yake yi. Ba a ɗaukar farfaɗiya, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta kwanciya. Ba hauka ba ce, ba kuma shafar aljanu ba, ciwon ƙwaƙwalwa ne da sau da yawa ake gani a na'ura, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, ta kuma ce har 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tashin ciwo in an gano shi daidai aka ba su maganin da ya dace. Game da 'ya'ya, haɗarin gado ya ɗan ɗara na sauran mutane, amma fiye da tara cikin goma na 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa samun ta, kuma mafi yawan mata masu ita suna haihuwa lafiya. Ba zan yi miki alkawarin yadda zai karɓi maganar ba. Na ga mazan da suka ja baya, na kuma ga waɗanda suka koma su ne masu tuna wa matansu lokacin shan magani. In har ya juya miki baya, abin zai yi zafi ƙwarai, kuma a lokacin za ki buƙaci Mama da danginki kusa, amma maganinki da ganin likitanki ba za su tsaya jiran hukuncinsa ba.

Idan ya saurara, ki koya masa abin yi, domin namiji yakan samu natsuwa in ya san aikin da ke hannunsa. In ciwon ya tashi, ya duba agogo, ya kawar da abin da zai ji miki rauni, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kanki, ya sassauta abin da ya matse wuya. Kada ya danne ki, kada ya cusa cokali ko yatsa ko tsumma a bakinki, mutum ba ya haɗiye harshensa, abin da ake cusawar ne ke karya haƙori ya toshe numfashi. Kada ya ɗura miki ruwa ko magani har sai kin dawo hayyacinki sarai. Da jijjigar ta lafa ya juya ki ki kwanta a gefe, ya zauna tare da ke yana yi miki magana a hankali. Yawanci takan tsaya da kanta cikin minti biyu ko uku. In ta kai minti biyar, ko wata ta biyo baya ba ki farfaɗo ba, ko kin ji rauni, ko numfashi bai daidaita ba, ko kina da ciki, sai asibiti nan take. In akwai mutum na biyu a wurin, ya ɗauki bidiyo da waya don likita kaɗai, domin minti ɗaya na hoto yakan fi dogon bayani.

Kafin a sake daidaita ki, ki ɗauki kanki a matsayin wadda ciwon zai iya tasar mata kowane lokaci. Kada ki tuƙa mota ko babur, kada ki tsaya kan wuta ko tafasasshen ruwa ke kaɗai, musamman da sassafe, kada ki shiga ruwa mai zurfi ko ki kulle ƙofar banɗaki ta ciki, kada ki hau tsani. Ki kiyaye barcinki kamar yadda za ki kiyaye maganin. Ki fito da kwalin daga jaka ki ajiye inda idonki zai riƙa gani, ki sa ƙararrawa a waya a kan lokaci ɗaya kullum. Duk wanda zai rubuta miki wani magani ki gaya masa kina da farfaɗiya, don akwai masu tsokano ta, tiramadol yana ciki, haka ma meflokwin na zazzaɓin cizon sauro.

Gobe in za ki tafi, ki ɗauki kwalin maganin da takardar da kika karanta, da sakamakon EEG ɗin in yana hannunki, ki rubuta ranar da kika fara shan rabi, da ranakun da zaburar ta zo, da ranar al'adarki ta ƙarshe. Da kin zauna, jimlar farko da za ki faɗa ita ce: na yi aure, ina shan balfuret, ba na tazara, kuma ina zaton ciwon ya tashi mini cikin barci. In likitan da kika samu ba na ƙwaƙwalwa ba ne, ki roƙa a tura ki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya zuciyar maigidanki. Ki sake rubuto mini bayan kin dawo, ina son jin abin da gwajin cikin ya nuna.